Katakon da Ke Kan Kuloci

Dutch Harbor, Alaska
6 ga Maris, 1995

Zuwa ga ɗan'uwana Kaz Dudek,

Gaisuwa mai yawa gare ka da Bernadine da yara. Ina fata gwiwar da na ga kana ja ranar jana'izar Baba ta bar ka ka huta. Kada ka tsaya juya ambulan kana neman wace ce. Noreen ce, 'yar Goggonka Stasia ta Saginaw, wadda ta zuba maka kofi a wando a zauren coci shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Ni lafiyata ƙalau, in ka cire sanyi da ƙarnin kifi. Mutum ɗari biyu nake dafa wa abinci sau uku a rana a wani kamfanin kifi, kuma har yau ba wanda ya ce min sannu, sai dai a ce gishiri ya yi yawa.

Na san ka ji labarin shanyewar ɓarin jikin Mama bara. Tana gidan kula da tsofaffi yanzu. Hannun dama ya tafi, magana sai ɗaya-ɗaya. Abin da ya fi ci min rai shi ne ba ta gane ni. In na buga waya sai ta kira ni Wanda, yayarta da ta rasu tun ina rarrafe. Wata goma sha huɗu ke nan ban ji sunana a bakin uwata ba.

Ga dalilin wasiƙar. Akwai wata mai kula da ita, Verlene, mace mai kirki. Ta ce ran nan wani yaro ya wuce ta bakin taga da tsohuwar mota mai ruri, sai Mama ta ɗaga ƙafar hagu ta danna iska, idonta ya buɗe tar. Ta ce ba ta taɓa ganin ta haka ba. Ni na san abin da ƙafar ke nema.

Motarmu Chevelle ta 1969 tana nan a garejin gida a rufe tun rasuwar Baba. Masifaffiya muke kiran ta, maƙwabta ne suka raɗa mata. Mama za ta cika saba'in ranar 19 ga Agusta, kuma na samu hutu. Ina so in zaunar da ita a motar nan, in tayar da injin, ko Allah zai sa ta dube ni ta san wace ce.

An ce min a duk Toledo ba wanda ya kai ka sanin tsofaffin motoci, har kofuna kake ciyowa. Ka taimake ni ka tayar da ita. Batir, birki, taya, tsohon man da ya ruɓe a tanki, ka fi ni sanin sauran. Makulli yana wurin maƙwabciyarmu Misis Haas. Za ta tsare ka da labarin ƙodarta, ka yi haƙuri ka saurara.

'Yar'uwarka,
Noreen Bielak

Toledo, Ohio
25 ga Maris, 1995

'Yar'uwa Noreen,

Wasiƙarki ta iso, mun ji daɗin ta. Muna lafiya. Gwiwa tana nan yadda kika san ta, Bernadine kuma likita ya hana ta gishiri, don haka duk gidan an hana mu. Wandon bai wanku ba, amma na yafe. Allah ya ba Goggo Stasia sauƙi. Har gobe ban ci pierogi irin nata ba, 'yan ƙullin fulawar nan da take cusa wa kabeji.

Na ɗauko motar ranar Asabar. Noreen, ban san yadda zan gaya miki ba. Shekara talatin ina wannan sana'a, na ga ɓarna iri-iri, amma da na buɗe ƙofar motar nan sai da na nemi wuri na zauna. Wani mara tsoron Allah ya yanka rami a ƙasanta da almakashin kwano, a karkace ma, ya cusa sandar giya irin ta 'yan tsere. An cire bututun hayaƙi na asali an sa wasu masu kama da hanjin saniya, ɗaya ma an lotsa shi da guduma don ya wuce sandar sitiyari. Kafireto ba nata ba ne. Haƙoran aksil na baya ba nata ba ne. An ɗaure agogon juyin inji a wuyan sitiyari da ƙarfen ɗaure tiyo. Abin da ya ƙarasa ni shi ne fedar kuloci. Katako aka ɗaura mata da noti biyu, katakon kicin, har da shatin wuƙa a jikinsa. Na kira Bernadine ta gani, ta ce ko a gonar kakanta ba a yi wa tarakta haka.

Ba na son zagin mamaci, amma ko mahaifinki Kawu Leonard ya faɗa hannun mugun makanike, ko kuma wani saurayinki ne na lokacin. In saurayi ne, kin yi dabara da ba ki aure shi ba.

Yanzu ga albishir. Da na sauke tankin mai, sai na ga takarda manne a samansa, ta yi ruwan ƙasa amma ana karanta ta. Mu takardar haihuwa muke ce mata. Ita ce ke bin mota a layin haɗawa a masana'anta, a ciki ake buga duk abin da mai saye ya zaɓa, in an gama wani ma'aikaci ya cusa ta inda hannunsa ya kai. Akwai masu neman irin ta shekara ashirin ba su samu ba. Ta ce motar ta fito da babban injin 396, wanda ya fi ƙarfi a cikinsu, koren fenti mai duhu, doguwar kujera, babu rediyo (Kawu ya iya tsimi), kuma giyarta otomatik ce, sandar a jikin sitiyari. Wannan haɗin sau ɗaya na taɓa gani da idona. Lambar injin ta yi daidai da ta motar. A aljihun gaba kuma ga takardar dillali da sunan Leonard Bielak.

Wannan ba motar da za a sa wa batir a tura ba ce. Zan mayar da ita yadda ta fito, noti bayan noti, kyauta ce daga gare ni ga Goggo. In ban ji daga gare ki ba zuwa tsakiyar Afrilu, zan ɗauka kin yarda.

Naki,
Kaz

Toledo, Ohio
12 ga Mayu, 1995

'Yar'uwa Noreen,

Gaisuwa daga gare mu duka, da fatan sanyin can ya sassauta. Mu sai godiya. Ɗiyarmu ta haihu, namiji, mai kunnuwan gidanmu, Allah sarki.

Shirunki ya nuna min kin yarda, don haka na duƙufa. Ba yabon kai ba, aiki yana kyau. Na samu wani mutum a Indiana da ke da giyar otomatik irin wadda takarda ta faɗa, kuma tambarin da ke jikinta ya nuna an yi ta makonni kaɗan kafin a haɗa motarku. Kin san wuyar samun haka? Muka yi musaya. Na loda masa giyar hannun da sandarta da hanjin saniyar da kafireton, ya tafi yana murna kamar an ba shi kyautar Kirsimeti. Akwai masu son shara a duniya.

Ramin na toshe shi da ƙarfen wata Chevelle ta shekarar. Na yi walda, na goge, ko da yatsa kika shafa ba za ki ji inda yake ba. Kwana huɗu ya ci min.

Akwai abin da ba kowa ya sani ba. A masana'anta ma'aikata sauri suke yi, fentin inji yakan fantsama inda bai kamata ba, kuma sukan yi alama da alli a jikin ƙarfe don na gaba ya san an duba. Alƙalan gasar tsofaffin motoci suna neman waɗannan, har madubi suke sawa a bakin sanda su leƙa ƙarƙashi. To na fantsama fentin daidai inda ake fantsama shi. Allin kuma sai da na yi kwana biyu ina gwada hannu a kwali, don rubutun ya fito kamar na mutumin da ya ƙosa ya tashi aiki.

Injin yanzu in yana aiki sai kin kasa kunne. Na ɗora kofin shayi a kansa bai zube ba.

Abu ɗaya na riƙe daga tarkacen, fedar nan mai katako. Na rataye ta a bangon gareji. Duk wanda ya shigo sai ya yi dariya har da hawaye. Abokina Orville ya ce in kai ta gidan tarihi.

Ki gaya min ko kina so a zana wa Goggo kati. Bernadine ta iya.

Naki,
Kaz

Dutch Harbor, Alaska
3 ga Yuni, 1995

Kaz,

Ina taya ku murnar jika, Allah ya raya. Ina lafiya. Na yi gaisuwar ne don Mama ta koya min a fara da ita ko da wanda za a rubuta wa ya cancanci mari.

Wasiƙunka biyu rana ɗaya suka iso hannuna. An mayar da ni kicin ɗin jirgin ruwan kamfani tun ƙarshen Maris, mako tara ban taka ƙasa ba. Shirun da ka kira yarda, teku ne. Na karanta ta farko a tsaye, ta biyu kuma a bakin kwandon shara. Na buga maka waya sau uku, Bernadine ta ce ka tafi neman wani noti a Kentucky.

Mara tsoron Allah da ya yanka ramin, Goggonka ce. Mai pierogi.

Kai a wurin biki da jana'iza kawai ka san ta, da tire a hannu. Tana da shekara goma sha takwas lokacin yaƙi take ɗaure noti a masana'anta. Baba kuwa, Allah ya ji ƙansa, ko ƙwan fitila ne ya mutu sai ya kira ta. Motar guminta ce. Ina wurin ranar da suka je dillali, ina da shekara goma sha tara. Wani mutum mai farar riga da allon rubutu a hannu ya tare su. Mama ke magana, shi kuma Baba yake ba amsa. Ta ce babban inji, ya dubi Baba ya ce, "Haka ne, yallaɓai?" Ta ce ba ta son rediyo, injin ya ishe ta kiɗa, ya rubuta yana murmushi. Ta ce giyar hannu mai huɗu. Nan ya ajiye biro ya ce, "Haba yallaɓai, kulocin wannan injin ko ƙato sai ya yi nishi. Dubi tsawon uwargida. Ƙafarta ma ba za ta kai ba. Mu sa mata otomatik, ta je kasuwa ta dawo lafiya." Baba mutum ne mai kunyar gardama a gaban baƙo, sai ya gyaɗa kai. Ta ce to a rubuta sunanta. Mutumin ya ce, "Sunan maigida muke sawa." Da muka koma gida, sati biyu Baba na cin gwangwanin wake.

Wannan ita ce takardar haihuwar da kake sumbata. Takardar ranar da aka wulaƙanta uwata ce.

Ta haƙura da motar lokacin sanyi ɗaya. Da ƙanƙara ta narke ta ɗora ta a kan bulo. Asabar uku ta yi a ƙarƙashinta. Ramin ya karkace ne saboda almakashin ya zame ya tsaga mata babban yatsa, ta naɗe da tsumma ta ci gaba, tabon yana nan, je ka duba. Bututun da ka ce an lotsa, ita ta lotsa shi, tana zagin sa da yaren kakanninmu. Ƙafarta kuwa da gaske ba ta kai kuloci ba, sai ta shiga kicin ta ɗauko katakon yanka kabejin da uwarta ta ba ta ranar aure, ta sa masa zarto.

Shekara tara, kowace Lahadi in an tashi coci, sai filin tsere. Ta cire hular coci ta sa ta kwano. Rubu'in mil a daƙiƙa goma sha biyu da 'yan kai. Maza sun sha ƙurarta har wasu in sun ga koriyar mota a layi sai su tuna suna da gyara. A nan ta koya min tuƙi. Kullum ina saurin canja giya don tsoron ƙarar, kullum tana buga min cinya tana cewa, "Kin yi gaggawa! Bari allurar agogon inji ta kai shida, bari ta yi kuka tukuna!"

Kai kuma ka ɗora mata kofin shayi. Ka yi kwana biyu kana koyon rubutun wani ma'aikaci da ba ka san ko sunansa ba, ka kwashe aikin hannun Goggonka ka ba baƙo, sauran ka rataye a bango Orville yana dariya. Tir, Kaz. Ni ruri na roƙe ka, rurin da ya sa ta ɗaga ƙafa.

Ka mayar da komai inda ka same shi. Akwai mako goma sha ɗaya.

Noreen

Toledo, Ohio
21 ga Yuni, 1995

'Yar'uwa Noreen,

Muna gaishe ki. Jariri yana ƙiba. Ni kuma tun da wasiƙarki ta zo Bernadine ba ta yi min magana sai ta hanyar karenmu.

Ban sani ba. Ba wanda ya taɓa gaya min. Mahaifina in ya ambaci Goggo Stasia sai ya ce "waccan mai taurin kan," ban taɓa tambayar dalili ba. Da kin rubuta layi ɗaya a wasiƙar farko da duk wannan bai faru ba. Na hana Orville dariya.

Amma ki bar ni in faɗi nawa. Na buga wa mutumin Indiana waya. Ya riga ya sa giyar a motarsa, ya ce ko uwarsa ce ta tashi daga kabari ba zai cire ba. Bututun ya ba wani, wanin ya ba wani. Ko da zan samo makamantansu, ba nata ba ne. Kuma gaskiya, Noreen, hannuna ba zai iya yanka ƙasan motar nan ba. Kin san yadda likita yake ji in an ce ya karya ƙafar da ya ɗora? Irin wannan mota ta masu zuwa bayanmu ce, amana ce. Goggo ta ji daɗinta shekara tara, ban ƙi ba, amma takarda ba ta ƙarya. Yadda ta faɗa haka motar take.

Ga wani abu kuma da na yi tunani. Surukata ta yi irin ciwon Goggo. Abin jiya ba ta tunawa, amma na shekara hamsin tana ba ki shi dalla-dalla. Irinsu farkon abu suke riƙewa. In Goggo ta ga motar fes, sabuwa, da ƙamshin kujera, ranar da ta fara ganin ta za ta dawo mata. Ki zuba ido ki gani. Zai fi hayaniya amfani.

Na shigar da ita gasa a Yuli. Kada ki damu, a tirela za ta je, tayarta ba za ta taɓa titi ba.

Naki,
Kaz

Dutch Harbor
10 ga Yuli, 1995

Kaz, ina lafiya, a gaida Bernadine, ita kaɗai. Ka kai motar gidan da ake kula da Mama ranar 19 da ƙarfe biyu, ko yaya take. Zan iso da safe. Abin da ya rage a bakina in na rubuta shi sai na je wurin fadan coci neman gafara, kuma fada sau ɗaya yake zuwa nan a wata.

N.

Saginaw, Michigan
20 ga Agusta, 1995

'Yar'uwa Noreen,

Ina gaishe ki, da fatan kin sauka lafiya duk lokacin da kika sauka. Verlene ta ce kin buga waya, hazo ya hana jirgi tashi kwana uku. A hannunta zan bar wannan wasiƙa. Ni ba ni da lafiya, amma ba gwiwa ba ce.

Na kai motar jiya ƙarfe biyu. Ta ci na ɗaya a gasar Yuli, na zo da kofin don in nuna wa Goggo. Na sauke ta daga tirela, na shimfiɗa tawul a ƙasa saboda takalma. Na sa farar rigata ta gasa. Takardar haihuwar na sa ta a leda na maƙala a allon rubutu, don in karanta mata abin da ke ciki. Ki riƙe wannan, farar riga da allo. Kin rubuta min shi da hannunki, ban tuna ba.

Verlene da wata suka gunguro ta a keke, an sa mata 'yar hular takarda ta biki. Da ta ga motar fuskarta ta canja, har na ji daɗi a raina, na ce Noreen za ta ba ni haƙuri. Muka ɗaga ta muka zaunar a bayan sitiyari. Ba nauyi ko kaɗan.

Ta ɗaga ƙafar hagu ta danna. Ba komai a wurin. Ta sake. Sau uku takalminta yana bugun kafet ɗin da na yi wata guda ina nema. Hannun daman nan da aka ce ya mutu ya zame daga cinyarta yana lalubar iska a inda ramin yake da. Na yi sauri na miƙa hannu na tayar da injin. Ya tashi lumui, kamar keken ɗinki.

Ta juyo ta dube ni daga sama har ƙasa, rigar, allon. Sai ta yi magana. Verlene ta ce tun da aka kawo ta ba ta taɓa haɗa jimla ba. Ta ce, "Malam, ba wannan na ce ba."

Na ce, "Goggo, ni ne Kaz, ɗan Walter."

Ta ce, "Ni nake maka magana, ba mijina ba. Giyar hannu na ce." Sai ta nuna allon da haɓa. "Kuma ka rubuta sunana."

Ta jira. Da ta ga ban rubuta ba, sai ta juya fuska ta rufe bakinta gam. Ba ta ci kek ba. Verlene ta ce har yau da safe ba ta karɓi komai ba sai ruwa.

Na yi gaskiya, Noreen, ranar farko ta dawo mata. Ni na kai mata ita har ƙofa, a tirela.

Da na koma gida na sauke fedar daga bango. Yau na sake tuƙowa na kawo ta, tana cikin jakar da ke tare da wasiƙar. Ban shiga wurin Goggo ba, ba ni da idon.

Ina roƙon alfarma. Zan yanka ramin. Ki aiko min duk hoton da kike da shi na cikin motar, ki gaya min ta wane gefe ya karkata da inci nawa. Na samo almakashin kwano na shekarun. Zan lotsa bututu daidai inda ta lotsa. Ba wanda zai gane bambanci.

Kaz

Saginaw, Michigan
27 ga Agusta, 1995

Kaz,

Na sauka ranar Talata, lafiya lau. A gaida Bernadine da jariri. Kai ma na gaishe ka, kaɗan.

Kada ka taɓa motar. Na karanta ƙarshen wasiƙarka sau biyu don in tabbatar ba idona ba ne. Almakashi na shekarun! Ka gama ƙirƙirar allin ma'aikaci, yanzu kuma za ka zauna da kwali kana koyon yadda hannun uwata ya zame? Jinin fa, da wane fenti za ka fantsama shi? Har yanzu ba ka gane ba, kuma na gaji da ƙyamar ka, tana cinye min lokacin da ba ni da shi.

Na same ta ta juya wa bango fuska. Ta kira ni Wanda sau ɗaya, ta ce in tafi. Kwana biyu ina zaune da cokali a hannu. Ranar Alhamis na buɗe jakarka. Katakon yana nan da shatin wuƙar kakata, tsakiyarsa ya lotsa daidai tafin takalmin Mama. Na ari waya a wurin mai gyaran gidan, na ɗaure fedar a matakin kekenta na hagu. Na gungura ta zuwa dogon barandan da ke bayan ɗakin cin abinci. Na ɗauki hannunta na dama na ɗora a kan damtsena, ya zama sandar giya.

Ƙafarta ta sami katakon da kanta. Ta taɓa, ta janye, ta sake taɓawa. Sai ta danna har ƙasa.

Ba ni da inji, Kaz, ka ba mutumin Indiana muryarsa. Don haka ni, mace mai shekara arba'in da biyar, na tsuguna a gefen keke a gaban tsofaffi goma sha biyu da Verlene, na yi rurin Masifaffiya da bakina. Na fara da gurnanin da take yi a layi, wanda ke sa tagogin Misis Haas rawa. Wani tsoho ya tafa. Mama ta saki kuloci, na ja ƙarar sama, sama, maƙogwarona ya fara zafi, numfashi ya ƙare min, sai na yanke na faɗa giya ta biyu.

Ta ɗaga hannun hagu ta buga min kafaɗa. Da ƙarfi, har yanzu wurin yana zafi. Ta ce, "Noreen! Kin yi gaggawa. Bari ta kai shida."

Na ce, "To, Mama." Muka sake daga farko. Sau huɗu muka yi, ban kai shida ba ko sau ɗaya, kuma kowane karo da sunana take zagi na. Da yamma ta ci rabin kwanon miya.

Yau ta koma kira na Wanda. Ba komai. Na ji abin da na zo ji.

Motar ka riƙe, da kofin, da takardar. Ba tamu ba ce, ta mai farar riga ce, shi ya zaɓe ta. Katakon dai ba zai dawo bangonka ba. Verlene ta rubuta a jikinsa da baƙin alƙalami don kada masu shara su jefar, kuma ba sunan maigida ta sa ba. Stasia Bielak.

Noreen